Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Fitsarin Kyanwa Mai Ciwon Ƙoda

Masu kiwon kyanwa da likita ya shaida musu cewa ƙodar dabbarsu ta fara gazawa suna yawan kawo mini takardar gwajin fitsari, tambayar kuma kusan iri ɗaya ce. "An rubuta furotin 2+, ciwon ya yi tsanani ke nan?" Ko kuwa: "An ce akwai fararen ƙwayoyin jini, wane magani zan saya?" Amsata ba ta canzawa: layi ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Takardar nan da tsarinta ake karanta ta, wanda ya faro daga tsakiya kuwa zai firgita a inda babu abin firgita, ya tsallake inda haɗarin yake. Ga tsarin nan daki-daki. Rubuta magani aikin likitan dabbobi ne. Abin da nake so shi ne ka shiga wurinsa kana sane da abin da ke hannunka da kuma abin da ya kamata ka tambaya.

1. Fara da tambayar yadda aka samo fitsarin

Kafin ka duba lamba ko ɗaya, nemi inda aka rubuta hanyar ɗaukar fitsarin, domin ita ce ke nuna layin da za a amince da shi da wanda ba za a amince da shi ba.

Hanya mafi tsabta ita ce likita ya soka siririyar allura ta fatar ciki ya zuƙo fitsarin kai tsaye daga mafitsara. A takarda za ka ga an taƙaita ta da cysto. Jin bayaninta ya fi yin ta tayar da hankali: daƙiƙoƙi kaɗan ne, kuma yawancin kyanwoyi ba sa buƙatar allurar barci. Sharaɗinta shi ne a sami fitsari a mafitsarar, saboda haka ka hana ta shiga akwatin bahayarta na kamar awa biyu kafin ku tafi asibiti.

Hanya ta biyu ita ce ka tara a gida. Wanke akwatin bahayarta sosai, ka ɗauraye shi da ruwa mai yawa, ka bar shi ya bushe ƙarau. Zuba ƴan duwatsun roba da ba sa shan ruwa, waɗanda asibitocin dabbobi ke sayarwa don wannan aikin, a madadin yashin da ta saba. Keɓe ta ita kaɗai a ɗaki idan kana da kyanwa fiye da ɗaya. Da zarar ta yi, karkata akwatin fitsarin ya taru a kusurwa ɗaya, ka zuƙe da sabon sirinji mara allura, ka juye a kwalba mai murfi, ka rubuta lokaci a jikinta. Mililita 5, wato cikin ƙaramin cokali, ya wadatar.

Gargaɗi: ragowar bilic ko wani sinadarin wanki a akwatin na iya sa gwaji ya nuna suga ko jini alhali babu. Kuma kada ka matsa cikin kyanwa da hannunka wai don fitsari ya fito, kana iya ji wa mafitsara ciwo.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Fitsarin da aka gwada cikin awa ɗaya shi ne ya fi faɗin gaskiya. Idan ba zai yiwu ba, rufe shi ka sa a firiji, ba wajen ƙanƙara ba, ka kai a ranar. Wanda ya kwana a waje, ƙwayoyin jinin cikinsa sun narke, bakteriya sun hayayyafa, tsaminsa ya canza.

Gargaɗi na gaggawa: idan muzuru ne yana ta tsugunawa yana nishi babu abin da ke fitowa, bar maganar tara fitsari, ɗauke shi zuwa asibiti a take. Toshewar hanyar fitsari na kashe muzuru cikin kwana biyu zuwa uku.

2. Duba kaurin fitsarin

Wannan ne layin farko da za ka karanta, kuma da shi za ka auna duk sauran. A takarda ana rubuta shi USG ko SG, lambar kuma tana farawa da 1.0. Abin da yake nunawa shi ne ko ƙoda na iya riƙe ruwa a jiki ta fitar da datti a cikin fitsari kaɗan mai kauri.

Lafiyayyar kyanwa tana yin fitsarin da ya wuce 1.035, sau da yawa ma ya haura 1.045 ko 1.050. Idan lambar ta tsaya ƙasa da 1.035 a gwaji fiye da ɗaya, musamman a kyanwar da jikinta ke da ƙarancin ruwa ko kiriyatinin ɗin jininta, wato wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau, wannan alama ce cewa ƙoda ta rage ƙarfi. Tsakanin 1.008 da 1.012 yana nufin fitsarin ya fito daidai da kaurin ruwan jini, ƙodar ba ta ƙara masa kauri ba, ba ta rage ba. Yawancin kyanwoyi masu ciwon ƙoda suna faɗawa wani wuri tsakanin wannan da 1.030.

A kimiyyance, kaurin fitsari kan fara raguwa ne bayan kusan kashi biyu bisa uku na matatun ƙoda sun lalace, datti kuma ya fara taruwa a jini bayan kusan kashi uku bisa huɗu. Sai dai kyanwa tana da nata hali: wasu suna ci gaba da yin fitsari mai ɗan kauri alhali jininsu ya riga ya nuna matsala. Don haka lamba mai kyau a nan ba ta wanke ƙoda ɗari bisa ɗari.

Ka tabbatar da na'urar rifiraktomita aka auna, wadda ake ɗiga mata digo ɗaya a leƙa ta cikinta. Kaurin da tsinken gwaji, wato takardar da ake tsomawa a fitsari, ke nunawa ba abin dogaro ba ne.

Gargaɗi: akwai abubuwan da ke tsinka fitsari ba tare da ƙoda ta ƙara lalacewa ba. Ƙarin ruwa ta jijiya ko ta ƙarƙashin fata, maganin sa fitsari irin furosemide, magungunan sitiroid irin prednisolone, ciwon suga, da yawan aikin tayirod, wata gaɓa da ke wuya, wanda ya zama ruwan dare a tsofaffin kyanwoyi. Abincin gwangwani mai ruwa ma yana rage lambar kaɗan. Faɗa wa likita duk abin da ake ba ta. Idan za a yi mata ƙarin ruwa a ranar, a ɗauki fitsarin tukuna.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya ga fitsari ya tsinke sai ya rage wa kyanwar ruwan sha don lambar ta hau. Kada ka yi haka ko da wasa. Yawan shan ruwan nan shi ke riƙe da ranta, domin ƙodar ba ta iya tsare ruwan da ke fita.

3. Karanta tsinken gwaji, ka san layukan da za ka tsallake

Tsinken gwaji wata ƴar siririyar takarda ce mai gidaje masu launi, ana tsoma ta a fitsari a kwatanta launin. Don mutane aka ƙera ta, shi ya sa wasu gidajen ba sa aiki a kyanwa. Layin LEU na fararen ƙwayoyin jini yana yawan nuna akwai alhali babu, har a lafiyayyar kyanwa. Ka tsallake shi, ka tsallake nitrite da urobilinogen. Kyanwoyi da yawa sun sha antibayotik a banza saboda layin LEU kaɗai.

Waɗanda za ka tsaya a kansu:

Suga. Bai kamata a gan shi ba. Idan ya fito, a duba sugan jini. Idan na jinin ma ya hau, ko dai ciwon suga ne ko kuwa firgicin zuwa asibiti, domin tsoro kaɗai na ɗaga sugan kyanwa sosai. Gwajin jini na fructosamine, wanda ke nuna matsakaicin suga na makonnin baya, shi ke raba gardama. Idan kuwa sugan jini daidai yake amma ga shi a fitsari, wannan na nuna rauni a bututun ƙoda, irin wanda guba ke jawowa, misali cin furen lili. Wannan ba abin jira ba ne. Kyanwar da ke shan sababbin magungunan suga irin bexagliflozin ko velagliflozin za a ga suga a fitsarinta, domin aikin maganin ke nan.

Kiton, wato sinadarin da ke taruwa idan jiki ya koma ƙona kitse a madadin suga. Idan ya fito tare da suga a kyanwar da ta daina cin abinci, asibiti a ranar.

Bilirubin, wato sinadari mai launin rawaya da hanta ke fitarwa. A kare ana iya ganin ɗan kaɗan a ƙyale. A kyanwa ko ɗigo ba daidai ba ne, a bincika hanta da jini.

Jini. Idan da allura aka ɗauka, ɗan alamar jini ba abin damuwa ba ne. Idan a gida aka tara kuma ya fito da yawa, ana tunanin kumburin mafitsara, ƙwayoyin cuta ko tsakuwa.

Layin pH, wato ma'aunin tsamin fitsari. Yawanci yana zama kusa da 6 zuwa 6.5. Idan ya haura 7.5, ko fitsarin ya daɗe ne a ajiye, ko an ɗauka jim kaɗan bayan cin abinci, ko akwai wasu nau'in bakteriya. Kada ka sauya mata abinci zuwa mai ƙara tsamin fitsari saboda wannan layin. Irin wannan abincin bai dace da mai ciwon ƙoda ba.

Layin furotin kuwa, ajiye shi a gefe zuwa mataki na 6.

4. Duba lakar da ta kwanta

A ɗakin gwaji ana juya fitsarin a na'ura har abin da ke cikinsa ya kwanta a gindin kwalba, sai a ɗiga a gilashi a leƙa ta madubin likita. Za ka ga RBC, jajayen ƙwayoyin jini, da WBC, farare, an ƙirga su a kowane fili da aka leƙa. Daga 0 zuwa 5 a kowanne daidai ne. Farare sama da 5 suna nuna kumburi a wani wuri cikin hanyar fitsari, idan aka ga bakteriya tare da su kuma zargin kamuwa da cuta ya yi ƙarfi.

Gargaɗi: a nan ne kaurin da ka karanta a mataki na 2 yake shigowa. A tsinkakken fitsari ƙwayoyin jini suna fashewa, waɗanda suka rage kuma sun warwatsu cikin ruwa mai yawa. Saboda haka laka mai tsabta a fitsarin 1.012 ba ta tabbatar da babu cuta. Akasin haka ma na faruwa: fitsarin kyanwa yana da ɗigon kitse da ƴan tarkace da ido kan ɗauka bakteriya ne.

Idan an rubuta casts, waɗannan wasu ƴan sanduna ne da suka ɗauki siffar bututun ƙoda. Ɗaya ko biyu ba komai. Masu yawa suna nuna ana ji wa ƙodar rauni a yanzu haka, a nemi dalili.

Sai crystals, ƙananan ƙwayoyin gishiri, galibi struvite ko calcium oxalate. Suna tsorata mutane fiye da kima. Sanyin firiji kaɗai na haifar da su a cikin kwalba, kuma ganinsu ba ya nufin akwai tsakuwa, rashinsu ma ba ya nufin babu. Tsakuwar da ta fi toshe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara a kyanwa ta calcium oxalate ce, sikanin ko hoton ciki ne ke gano ta. Idan kiriyatinin ya yi tsalle farat ɗaya, nemi a yi sikanin ko da lakar ba ta nuna komai ba.

5. Gwajin shuka ƙwayoyin cuta

A takarda sunansa culture. Ana shafa fitsarin a faranti a ajiye, a ga ko bakteriya za su tsiro, sannan a gwada maganin da ke kashe su. Sakamako kan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Fitsarin allura ake amfani da shi, kuma kafin a fara antibayotik. A irin wannan fitsarin, ƙirga na 1,000 ko fiye a kowace mililita ana ɗaukarsa kamuwa ce ta gaske. E. coli ce aka fi samu, sai irin su Enterococcus.

Kyanwa mai ciwon ƙoda, musamman tsohuwar mace, ta fi saurin kamuwa, domin tsinkakken fitsari ba ya kashe bakteriya kamar mai kauri. Amma ba duk bakteriyar da aka gani ake bi da magani ba. Ƙa'idojin ISCAID, ƙungiyar masana cututtuka masu yaɗuwa na dabbobin gida, na shekarar 2019 sun ce idan dabba ba ta nuna wata alama ba, yawanci ba a ba ta antibayotik. Abin da ake tsoro shi ne cutar ta hau zuwa ƙodar kanta. Alamominsa: zazzaɓi, jin zafi idan an taɓa gefen bayanta, ƙin abinci, da hawan kiriyatinin ba zato. A nan magani wajibi ne, kuma ƙa'idojin sun ba da kwana 10 zuwa 14. Kada ka tsayar a tsakiya don ka ga ta warware, kada kuma ka ba ta ragowar maganin wata dabba. Wasu magungunan irin gentamicin suna cutar da ƙoda kai tsaye.

6. Furotin: bar alamar tarawa, nemi UPC

Yanzu mu dawo kan layin da ya fi tayar wa mutane hankali. Alamar 1+ ko 2+ a tsinke ba ta auna yawan furotin ɗin da ƙoda ke zubarwa, tana nuna yawansa ne a cikin ruwan da aka tsoma ta. Cokali ɗaya na gishiri a kofin ruwa ɗanɗanonsa daban da cokali ɗaya a bokiti, alhali gishirin ɗaya ne. Haka 2+ a fitsari mai kaurin 1.055 yana iya zama ba komai ba, yayin da alamar trace, wato ɗan kaɗan, a fitsarin 1.012 tana iya ɓoye asara mai yawa. Bugu da ƙari, fitsarin kyanwa yana da wani furotin nasa na halitta mai suna cauxin da ke rikita tsinken, fitsari mai pH sama sosai ma yana rikita shi.

Gwajin da ke warware wannan shi ne UPC, wanda ke kwatanta yawan furotin da yawan kiriyatinin na cikin fitsarin, ta yadda kauri ko tsinkewa ba su shafi amsar ba. Ƙungiyar IRIS, wadda likitocin dabbobi a duniya ke bin ma'auninta kan ciwon ƙoda, ta kasa shi uku a kyanwa: ƙasa da 0.2 babu zubar furotin, 0.2 zuwa 0.4 ana bakin iyaka, sama da 0.4 akwai zubar furotin. Lambobin kare daban suke, kada ka haɗa.

Me ya sa nake dagewa a kan wannan gwajin? Saboda binciken da aka wallafa a 2006 kan kyanwoyi masu ciwon ƙoda a Landan ya nuna cewa gwargwadon hawan UPC, gwargwadon gajarcewar rayuwarsu, har waɗanda ke bakin iyaka ma abin ya taɓa su. Kuma yana cikin ƴan abubuwan da ake iya ragewa da magani. Abin takaici, shi ne gwajin da aka fi tsallakewa, domin ba ya cikin gwajin fitsari na yau da kullum, sai an nema an biya daban.

Gargaɗi na farko: kada a yi UPC a fitsarin da lakarsa ke cike da fararen ƙwayoyin jini, bakteriya, ko jinin da ido ke gani. Furotin ɗin daga kumburin yake, ba daga matatun ƙoda ba, kuɗinka ya tafi a banza. A magance kumburin, a sake ɗauka.

Gargaɗi na biyu: sakamako ɗaya ba ya isa. Ana son aƙalla gwaji biyu da tazarar aƙalla mako biyu kafin a ce zubar ta tabbata. Wadda ke bakin iyaka a sake duba ta cikin wata biyu. Fitsarin gida mai tsabta yana yin wannan aikin, amma ka riƙa bin hanya ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya kowane karo, don lambobin su kwatantu.

Idan ya tabbata sama da 0.4, likita zai fara da auna hawan jini, ya duba abincin masu ciwon ƙoda, sannan ya yi tunanin maganin rage zubar furotin irin telmisartan ko benazepril. Ba a fara waɗannan a kyanwar da ruwan jikinta ya yi ƙasa ko wadda ke amai ba ta ci. Bayan an fara, a duba kiriyatinin, fotasiyam da hawan jini cikin mako ɗaya zuwa biyu.

7. Ajiye takardar kusa da ta jini

Fitsari ba ya faɗin matakin ciwon. Wannan aikin jini ne. A ma'aunin IRIS, kiriyatinin ƙasa da 1.6 mg/dL mataki na 1 ne, 1.6 zuwa 2.8 mataki na 2, 2.9 zuwa 5.0 mataki na 3, sama da 5.0 mataki na 4. Idan ɗakin gwajinku da µmol/L yake rubutu, iyakokin su ne 140, 250 da 440. Ana kuma duba SDMA, wani ma'aunin aikin ƙoda a jini, wanda ramar tsoka ba ta ruɗa shi kamar yadda take ruɗa kiriyatinin. Hawan jini daga 160 zuwa sama, idan ya maimaitu, yana buƙatar magani, galibi amlodipine, kuma hawan jinin kansa yana ƙara zubar furotin.

Ɗauki misali. Kyanwa mai shekara 13, kiriyatinin 2.3, kaurin fitsari 1.018, tsinke ya nuna LEU 3+ da furotin 1+, laka ba ta nuna komai ba. Karatunsa: kauri da kiriyatinin sun yi daidai da ciwon ƙoda mataki na 2. LEU a watsar. Lakar ba ta isa shaida ba saboda fitsarin ya tsinke, don haka idan tana yawan tsugunawa ko kiriyatinin ya hau kan na baya, a yi shuka. Furotin 1+ a wannan tsinkewar abin bi ne, a yi UPC, a auna hawan jini. Babu wani dalili a takardar nan na sayen antibayotik yau.

Da kaurin 1.050 ne tare da wannan kiriyatinin ɗin, sai a fara zargin ƙarancin ruwa a jiki, a gyara shi a sake gwaji kafin a ɗora wa ƙoda laifi.

8. Kuɗi, maimaici da rubutu

Gwajin yau da kullum, wato kauri, tsinke da laka, shi ne mafi araha. UPC ƙarin kuɗi ne, shuka kuma ta fi su duka tsada. Idan aljihu bai kai ba, roƙi likita ya ɗauki fitsarin da allura sau ɗaya, ya raba shi, ya fara da mai arahar. Abin da laka ta nuna shi zai faɗi ko ragowar ta tafi shuka ko UPC, ba sai an sake dawo da kyanwar an sake biyan kuɗin ganin likita ba.

Samu littafi ka ja layuka: kwanan wata, hanyar ɗauka, kauri, UPC, kiriyatinin, hawan jini, nauyin jiki, da magungunan da take sha a lokacin. Kyanwar da ke mataki na 1 ko 2 kuma lafiyarta ta daidaita ana duba ta duk wata uku zuwa shida, ta mataki na 3 da 4 kuma a kai a kai fiye da haka, yadda likita ya tsara.

Idan kana bin layukan, kada ka damu da kaurin da ya sauka daga 1.020 zuwa 1.017, irin wannan motsin ana ganinsa tsakanin safe da yamma. UPC ma yana ɗan hawa da sauka. Abin lura shi ne lambar da ke tafiya gefe ɗaya a gwaji uku a jere, ko wadda ta ninka. Ka kuma kula da wannan tarkon a matakin ƙarshe na ciwon: UPC na iya sauka ba don magani ya yi aiki ba, sai don matatun da suka rage suna zubar da furotin ɗin sun yi kaɗan. Idan ka ga UPC na sauka kiriyatinin na hawa, nauyi kuma na raguwa, ka nuna wa likita layukan uku tare.